Shida cikin goma sun zauna a gida: Me ya sa siyasa ke fita daga ran mutanen Jigawa?

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, Jigawa na cikin jihohin da suka fi fitowa kaɗa ƙuri'a a Najeriya. Mutum sama da miliyan 2 da dubu 350 ne ke da rajista a jihar, waɗanda suka yi zaɓen kuma ba su cika miliyan ɗaya ba, wato kusan kashi 40 cikin 100. A ƙasar da jimillar fitowarta ba ta kai kashi 27 ba, wannan adadi ne na tinƙaho. A Legas, mai masu rajista sama da miliyan 7, ko kashi 20 ba a samu ba.

Sai dai idan aka juya lissafin, a cikin kowane mutum goma da suka ɓata lokacinsu suka yi rajista a Jigawa, shida ba su je rumfar zaɓe ba. Shekara huɗu kafin nan, a 2019, fiye da rabin masu rajista a jihar sun fito, kuma Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a kusan dubu 795. A 2023 Bola Tinubu ya lashe jihar da 421,390, Atiku Abubakar na biye da shi da 386,587, Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu 98,234.

Zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris ya ɗan fi armashi. Umar Namadi na APC ya samu 618,449, Mustapha Sule Lamido na PDP 368,726, Aminu Ibrahim Ringim na NNPP kuma 37,156. Nasara ce mai tazara, amma ƙuri'un da suka kai gwamna gidan gwamnati a Dutse ba su wuce na kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu rajista ba. A matakin ƙasa abin ya fi haka: ƙuri'a miliyan 8.79 ce ta ba Tinubu shugabanci, alhali masu rajista sun haura miliyan 93.

Ƙasar da aka sha wuya kafin a samu ƙuri'a

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a tsakiyar Jigawa shi ne tarihin yankin. Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Jahun, Buji da Miga duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa. Ƙasa ce da siyasar NEPU ta Malam Aminu Kano, daga baya kuma PRP, ta yi jijiya. A zamanin NEPU, wadda aka kafa a 1950, talaka kan sha ɗauri ko bulala a gaban alƙali saboda katin jam'iyya. Matan Arewa kuwa sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 suka samu ikon yin zaɓe, bayan shekaru ana yi ba da su ba.

Kuma mutanen lokacin sun ga amfanin ƙuri'arsu da idonsu. Da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979 ƙarƙashin PRP, ya soke haraji da jangali. Manomin Jahun da makiyayin Gwaram ba sai an yi musu dogon bayani ba, sun ji sauƙin a aljihunsu. Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, daga wannan makaranta ya fito, kuma da ya zama gwamna ya kira Taron Talakawa a Dutse a 2008, inda aka miƙa wa masu ƙananan sana'o'i lasifika su faɗi damuwarsu a gaban manya. Babban dandalin taro na birnin ma sunan Aminu Kano yake ɗauke da shi.

Jikokin waɗancan mutane ne yau ke cewa, a majalisar mai shayi ko a kasuwar Shuwarin, duk kanwar ja ce, kowa ya hau kansa ya sani.

Ba duka ne ko-in-kula ba

Kafin a ɗora wa jama'a laifi, akwai abubuwan da alƙaluman ba sa nunawa. Na farko, kundin masu rajista bai tsarkaka ba. Akwai sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka bar gari, don haka hakikanin kason masu fitowa na iya ɗara abin da ake bugawa. Na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a 2023 ta kuma rage damar dangwala wa wanda bai zo ba, abin da ya sa masu sharhi da dama ke ganin wasu manyan alƙaluman baya akwai ƙari a cikinsu.

Sannan ga lokacin zaɓen kansa. Fabrairu da Maris tsakiyar ci-rani ne. An gama girbi, matasan ƙauyukan Kiyawa, Buji da Miga sun bazu Kano, Abuja, Legas da Fatakwal suna acaba, dako, sayar da ruwa da gadi. Doka ta ce mutum ya yi zaɓe a rumfar da ya yi rajista, babu ƙuri'ar aike, kuma ranar zaɓe ana hana zirga-zirga. Ɗan ci-ranin da ke Legas sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya bar nemansa na kwanaki, don ƙuri'a ɗaya. A 2023 an ƙara masa da wata masifar: canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, mutane na kwana a layin ATM. Wanda bai samu na cefane ba, ina zai samu na mota?

Ita kanta Dutse gari ne na ma'aikata da ɗalibai. Yawancin ma'aikatan sakatariya 'yan wasu ƙananan hukumomi ne, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, kuma kan koma gida idan zaɓe ya ƙarato, ko da a harabar makaranta suka yi rajista.

Duk da haka, ci-rani ya girmi 2023, kuma a 2015 da 2019 ma ana yin sa. A 2015 mutane sun yi ta cika motoci suna komawa gida don kawai su zaɓi Buhari. Abin da ya canza shi ne abin da suke sa ran samu idan sun je.

Su ma Amurkawa haka suke

Wanda ke kallon zaɓen Amurka a talabijin zai ɗauka duk ƙasar ta ɗauki zafi. Ba haka ba ne. A 2020, shekarar da aka yi fitowar da aka fi ƙarni ba a ga irinta ba, kusan kashi 66 ne na waɗanda suka cancanta suka yi zaɓe. A 2024, da Donald Trump ya kara da Kamala Harris, mutum kusan miliyan 90 da ke da ikon zaɓe ba su yi ba, adadin da ya fi ƙuri'un da kowane ɗayan 'yan takarar biyu ya samu. A zaɓen 'yan majalisa na rabin wa'adi na 2014 kusan kashi 36 ne kawai suka fito, ƙasa da abin da Jigawa ta yi a 2023. Zaɓen magajin gari kuwa, a birane da yawa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ya samu.

Wani malamin Jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya wallafa littafi a 2000 mai suna Bowling Alone, inda ya nuna yadda Amurkawa suka riƙa janyewa daga ƙungiyoyin unguwa, na ma'aikata da na iyayen yara, kowa ya koma gida ya rungumi talabijin. A ganinsa, mutumin da ya daina zama da maƙwabta kan abin da ya shafe su tare, daga baya zai daina damuwa da wanda ke mulkarsa. Akwai kuma tsarin zaɓensu, inda a yawancin jihohi an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a fara, ga shi ranar Talata ake zaɓe, ranar aiki.

Bambancin shi ne abin da rashin kulawar ke jawowa. Ba'amurken da bai yi zaɓe ba zai buɗe famfo ya ga ruwa, makarantar ɗansa tana da malamai ko waye ya ci. A Jigawa, inda rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya sama da kashi 80 na jama'a cikin talauci ta fuskoki da dama, wanda ya hau kujera shi ke yanke ko asibitin mazaɓa zai samu ungozoma, ko taki zai iso kafin damina, ko za a gyara gadar da ambaliya ta cinye. A Amurka masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ƙaurace wa zaɓe. A nan kuwa mutanen karkara sun daɗe suna fin 'yan birni tsayawa a layi, shi ya sa sanyin jikinsu ya zama labari.

Gwamnatin da ta fi kusa, ita aka fi mantawa

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ƙananan hukumomi. Jigawa na da 27, da mazaɓu 287. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma haramun ne gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Cikin watan Oktoba na shekarar hukumar zaɓe ta jiha ta gudanar da zaɓe, APC ta lashe kujerun shugabanni duka 27. Ba Jigawa kaɗai ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke share fage, ko APC ce ko PDP ko wata. Mai zaɓe ya san haka sarai. Idan sakamako ya riga zaɓe, zaman gida lissafi ne, ba lalaci ba.

Amma a nan ne asarar ta fi yawa. Makarantar firamare, ƙaramin asibiti, rijiyar burtsatse, magudanar ruwa da rumfunan kasuwa duk a ƙofar ƙaramar hukuma suke. Mutane nawa ne a Limawa ko Kachi za su iya faɗin sunan kansilansu? Nawa ne suka san abin da ƙaramar hukumarsu ta karɓa a watan jiya, alhali ana buga kason a fili, kuma akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011?

Ba wai an daina zancen siyasa ba ne. Buɗe Rediyo Jigawa ko Freedom da dare za ka ji sojojin baka suna ta musayar zafi, Facebook da TikTok cike suke da 'yan gani-kashe-nin wane da wane. Amma galibi hira ce ta waye ya sauya sheƙa, waye ya yi wa wane habaici, waye ya raba babura. Ana kallonta kamar wasan ƙwallo. Idan zaɓe ya zo kuma a fito da taliya, sabulu da atamfa, mai karɓa ya ce ai nasa ne ya dawo, tunda ba zai sake ganin ɗan takarar ba sai bayan shekara huɗu. Da wuya ka ƙaryata shi.

Gwamnatin Namadi ta fito da shirin Gwamnati da Jama'a, inda gwamna da kwamishinoni ke zagaya ƙananan hukumomi suna bayani suna sauraron koke. Tunani ne mai kyau. Ma'auninsa dai shi ne ko abin da aka faɗa a wurin yana shiga kasafin kuɗi, da kuma ko wanda ba ɗan jam'iyya ba yana samun lasifika.

Shiru ba yarda ba ce

Ranar 1 ga Agustan 2024 ta nuna cewa mutanen da ba su je rumfar zaɓe ba ba barci suke yi ba. Zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ta rikiɗe a Dutse da wasu garuruwan jihar, aka yi ƙone-ƙone da wawaso, ciki har da hedikwatar APC ta jiha, har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Da yawa daga cikin waɗanda aka gani a titi matasa ne ƙanana. Fushin da bai ga hanya ta akwatin zaɓe ba ya nemi wata hanyar.

Alhali tsakiyar Jigawa na da shaidar cewa ƙuri'a tana aiki. A 2015 jihar ta karɓe mulki daga PDP ta ba Muhammad Badaru Abubakar na APC. A 2023, lokacin da APC ke riƙe da jiha da tarayya, masu zaɓen wannan shiyya sun ba Mustapha Khabeeb na PDP kujerar sanata, mutanen Gwaram kuma suka tura ɗan NNPP Majalisar Wakilai. Kashi 40 ɗin da suka fito ne suka yi wannan.

A 2025 an so a warware matsalar da sanda. Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, ya gabatar da ƙudirin tilasta yin zaɓe, mai tanadin tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu a watan Mayu, jama'a suka yi caa, aka janye shi cikin kwanaki. Ostireliya na da irin wannan doka tun 1924 kuma fitowarta kan kai kusan kashi 90, amma can ana iya zaɓe ta gidan waya ko kafin ranar, ba a ce wa mai dako ya baro Legas ya zo Buji ba.

Abin da doka ta riga ta tanada a nan shi ne sauya wurin zaɓe. Mai kati na iya neman INEC ta mayar da rajistarsa garin da yake zaune, a ofishinta na ƙaramar hukuma ko ta intanet, muddin ya yi kafin a rufe rajista. Ɗan ci-ranin Miga da ya yi haka a Legas zai iya zaɓar shugaban ƙasa daga can, amma ya rasa ta cewa kan gwamnan Jigawa, sanatan shiyyarsa da ɗan majalisar da ke wakiltar ƙauyensu a Dutse.