Abin da ɓerayen gwaji suka bayyana game da birkin garkuwar jiki

Idan ƙwayar cutar bairos ta shiga jiki, galibin mutane kan ɗora mata alhakin duk ɓarnar da ta biyo baya. Binciken da masana suka shafe shekaru suna yi a kan ɓeraye ya nuna cewa wani lokaci garkuwar jiki ce da kanta ke hallaka mai ita, idan ta yi yaƙi babu linzami.

Ƙwayar da aka fi amfani da ita wajen wannan bincike ita ce LCMV, wadda aka gano a shekarun 1930. Danginsu ɗaya da ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. LCMV ba ta cika lalata ƙwayoyin halittar da ta shiga ba. Amma idan aka zuba ta a ƙwaƙwalwar baligin ɓera, yakan mutu cikin kusan mako guda. Dalili kuwa shi ne wasu dakarun garkuwar jiki, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, kan yi wa fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa dirar mikiya, sai kumburi ya kashe dabbar. Ɓeran da aka raunana wa waɗannan dakaru yakan tsira.

Da wannan ƙwaya ce Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka gano, a birnin Kanbera na Ostareliya, yadda ƙwayoyin T ke tantance ƙwayar halittar da ta kamu. Aikin ya kai su ga samun lambar yabo ta Nobel a 1996.

Saboda haɗarin wuce gona da iri, jiki yana da nasa birki. Idan cuta ta daɗe, ƙwayoyin T kan ɗauki wani sinadari mai suna PD-1 a bayansu, wanda ke rage musu kuzari har su gaji. A 2006, tawagar Rafi Ahmed ta Jami'ar Emory da ke Amurka ta toshe wannan birki a jikin ɓerayen da cutar ta daɗe tare da su. Dakarun suka farfaɗo, yawan bairos ɗin ya ragu. Sai dai ɓerayen da aka haifa ba tare da sinadarin da ke taka birkin ba, da aka sa musu nau'in cutar mai naci, mutuwa suka yi.

Ke nan lokacin da aka saki birkin yana da matuƙar muhimmanci. Yau ana amfani da magungunan toshe PD-1 wajen jinyar wasu nau'o'in cutar daji, kuma daga cikin illolinsu akwai kumburin huhu, hanji ko hanta, wanda garkuwar majinyacin ke haddasawa. Shi ya sa likitoci ke sa ido sosai a kan duk wanda ake ba shi su.