Hoton Ajinmu Na Ɗaya

A kusan kowane gida akwai wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, wadda ba a buɗe ta sai an yi ƙaura ko rasuwa. A cikin irin wannan adaka muka tsinci abin da za mu ba ku labarinsa a wannan wata. Wata tsohuwa ce ta rasu a Kafanchan, mahaifiyar ɗaya daga cikinmu. Da aka gama zaman makoki aka zauna duba kayanta, sai ga wani ƙunshi cikin tsohon kallabi, a ƙarƙashin katin baftisma da takardun asibiti. Aka kwance. Ashe hotuna ne guda biyu na makarantar firamaren mishan inda muka yi karatu: na aji ɗaya a 1966, da na aji bakwai a 1972.

Mu uku ne 'yan wannan aji da har yanzu mu ke haɗuwa kowace Lahadi. Bayan an tashi sujada muka zauna a gindin mangwaro, kowa ya sa tabarau, muka ce bari mu kira sunan kowa kamar yadda Malam ya kan kira rajista. Fuska 42 ce a hoton farko. Muka yi ta kai da kawowa har la'asar, amma suna 27 kaɗai muka iya kawowa. Sauran 15 suna kallonmu, mun san fuskokin sarai, mun san wanda ya iya tsalle da wanda ya ke barci a aji, amma sunayen sun tafi. A bayan hoton kuwa babu ko harafi ɗaya.

Ranar Da Mai Hoto Ya Zo

Yaran yau da a ke ɗauka hoto da waya sau goma kafin a ci tuwon dare ba za su gane girman wannan rana ba. Tun ana sauran mako guda hedimasta ya yi shela. Iyaye mata suka wanke kayan makaranta, aka goge da dutsen guga mai gawayi. Aka yi wa maza aski ƙwal, aka yi wa mata kitso. Da safe aka shafe mu da man gyaɗa har muna ƙyalli.

Mai hoto ya zo a kan keke da akwatinsa mai ƙafa uku. Aka fito da benci-benci daga aji. Gajeru suka zauna a ƙasa, masu bi musu suka zauna a benci, dogaye suka hau bisa. Malam yana tsakiya a kan kujera, alƙalami a aljihu. Yaron da ya fi kowa ƙanƙanta aka ba shi allo ya riƙe, an rubuta aji da shekara da alli. Mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada wanda ya motsa. Shi ya sa ba mai murmushi a cikinmu. Tsoro ne ya kama mu. Kusan dukanmu ba takalmi.

Sule biyu ne kuɗin hoto ɗaya, ba kowane gida ne ya iya saya ba. A lokacin da fam da sule da kwabo a ke ciniki, gama naira ba ta fito ba sai ran 1 ga Janairu 1973, sa'ad da sule ɗaya ya zama kwabo 10, fam ɗaya ya zama naira biyu. Tsohuwar nan kuwa ƙosai ta ke sayarwa a bakin tasha. Da muka tuna haka, muka gane abin da ya sa ta naɗe hoton cikin kallabi.

Hoto ya kan jawo abin da ba ya cikinsa. Muka tuna ranar da aka ɗauke mu makaranta, yadda a ke sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In bai kai ba, sai baɗi. Muka tuna ƙararrawarmu, guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a bishiya. Muka tuna Ka Koyi Karatu, da yadda mu ke ƙosawa mu kai ajin da a ke karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Akwai yaro guda a layin baya mai tabon agana a fuska. Shekara guda bayan hoton, a 1967, aka fara babban aikin rigakafin agana a Afirka ta Yamma, muka yi layi aka yi mana da wata bindigar allura. A 1980 aka yi shelar cewa cutar ta ƙare a duniya. Jikokinmu ba su taɓa ganin irin wannan fuska ba.

Waɗanda Suka Ragu A Hanya

Da muka ajiye hotunan biyu gefe da gefe, sai dariya ta ɗauke. Cikin yara 42 na hoton farko, 19 kaɗai suka kai hoto na biyu. Ina sauran 23?

Kafanchan garin jirgin ƙasa ne. Tun 1927 a nan layin da ya taso daga Fatakwal ya ke rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Saboda haka ajinmu ya tara kowa da kowa: Fantswam, Bajju, Agworok, Atyap, Ham, Hausawa, Yarbawa, Ibo. Hausa ce ta haɗa mu a filin wasa. Bakwai daga cikinmu 'ya'yan Ibo ne ma'aikatan reluwe. An ɗauki hoton kafin damina. Kafin shekarar ta ƙare aka yi kashe-kashen da suka kori mutanen Gabas daga Arewa. Wata Litinin muka zo, benci biyu ba kowa. Malam ya buɗe rajista, ya kai kan sunayensu, ya yi shiru, ya tsallake. Yaƙin basasa ya biyo baya daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Bayan yaƙi Ibo da yawa sun komo garin, amma cikin bakwai ɗin nan ba mu sake ganin ko ɗaya ba. Yaron da ke riƙe da allo yana cikinsu.

Biyu sun mutu tun muna yara, ɗaya ƙyanda, ɗaya sanƙarau. Shida sun bari don kuɗin makaranta, ko don an yi wa ubansu canjin wurin aiki. Sauran takwas ɗin duka 'yan mata ne da aka cire. Mata 14 ne a hoton farko. Uku sun tafi Gabas, uku kaɗai suka gama aji bakwai. Wadda ke zaune a hannun daman Malam ita ce ta kan zo ta ɗaya a lissafi, mu ukun nan duka mun sha kwafar aikinta. A aji huɗu aka cire ta ta yi renon ƙannenta, don kuɗin da ke gidan bai isa biyu ba, wanta kuwa namiji ne. Ilimin firamare kyauta ga kowa bai zo ba sai Satumba 1976, zamanin Janar Obasanjo. Ƙannenmu sun ci moriyarsa. Ita kuwa ya zo mata a makare, tana da goyo a lokacin.

Kafaɗar Da Ke Gefe

Akwai wani abu a hoton farko da muka yi ta kauce masa, har ɗayanmu ya ɗora yatsa a kai. A can gefen hagu, inda hoton ya ƙare, ana ganin kafaɗa da rabin kunne. Ba ya cikin 42 ɗin da muka ƙidaya. Mu ukun mun san ko wane ne.

Maraya ne, kakarsa ke riƙonsa. Ba shi da kayan makaranta, wata tsohuwar taguwa ya ke sawa. Ran hoto aka ce wanda ba shi da kaya ya koma gefe kada ya ɓata hoton. Ɗayanmu shi ne monita, shi ya nuna shi da yatsa. Sauranmu muka fashe da dariya, muka laƙa masa wani suna da ba za mu rubuta a nan ba, sunan kuwa ya bi shi har ya bar makaranta a aji uku. Ashe sa'ad da mai hoto ya shiga ƙyallensa, yaron ya lallaɓo ya tsaya a gefen benci.

Muka ce yara ne mu a lokacin. Gaskiya ne. Amma yanzu fa? Muka yi cigiya, aka ce yana wani ƙauye wajen Kwoi yana noman citta. Wata Asabar muka shiga mota. Muka same shi yana shanya citta a tsakar gida, furfura ta rufe kansa. Bayan gaisuwa aka kawo ruwa, tsohon monita ya miƙa masa hoton, hannunsa na rawa.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan kunnen nawa ne."

Monita ya ce, "Naka ne, mutumina. Ni na sa aka fitar da kai. Mun zo neman gafara."

Ya ce, "Ran nan da kuka na koma gida. Ban gaya wa kakata ba, don na san za ta sayar da akuyarta. Na daɗe da yafewa, ɗan'uwa, amma ban taɓa zaton wani cikinku ya tuna ba."

Sa'an nan ya jawo hoton kusa, ya fara bin layi da yatsa yana kiran sunaye. Shida daga cikin waɗanda suka ɓace mana ya kawo, har da na yaron da ke riƙe da allo. Muka ce yaya aka yi bai manta ba? Ya ce, "Ku mai hoto ku ke kallo. Ni kuwa ku na ke kallo."

Wannan ya ba mu ƙarfin zuwa wuri na biyu. Akwai abokinmu Musulmi, tela ne a cikin gari, benci ɗaya muka zauna da shi shekara bakwai. Tun rikicin Maris 1987, balle na 2011, sai gaisuwar nesa ke tsakaninmu, ba tare da wani ya yi wa wani laifi ba. Muka kai masa hoton a shago. Ya tsai da keken ɗinki, ya aika aka sayo goro da lemo, ya ƙara mana suna uku. Da za mu tafi ya ce, "Don Allah ku wanko mini nawa. Ina so jikokina su ga da wa na zauna."

Abin Da Za Ku Yi Da Naku

Ya ku masu karatu, kada ku jira ranar rabon kaya. Ga shawararmu.

Ku fito da hoton yau, ku rubuta sunan makaranta da aji da shekara a bayansa, sa'an nan sunayen yara layi-layi daga hagu zuwa dama. Da fensir mai laushi za ku rubuta, a hankali. Biro ya kan huda takarda, tawadarsa kuma ta kan ɓullo ta gaba.

Kada ku manna shi da gam ko salatif, kada kuma ku kai a liƙe shi cikin leda da zafi, gama ba ya ɓantaruwa kuma. Ku sa shi tsakanin farar takarda mai tsabta, a wuri busasshe inda gara da laima ba sa kaiwa, ba a ƙasa ba. In za ku rataye a bango, ku rataye kwafi, gama rana tana cin hoto. Ku lura da masu launi musamman. Hoton baƙi da fari da azurfa a ke yinsa, ya kan jure in an wanke shi da kyau. Masu launi na shekarun 1980 kuwa rini ne, shi ya sa da yawansu sun koma ja-ja.

Ku sa jika ya ɗauke shi da waya, gaba da baya, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar waya ba. A aika wa 'yan'uwa, don in ɗaya ya ɓata wani ya rage.

Bayan haka ku ɗauki hoton ku fita da shi. Zumunta a ƙafa ta ke. Sunan da ya ɓace muku yana kan wani, wannan mutum kuwa ba zai dawwama ba. In akwai wanda kuka ɓata wa rai, hoton ya isa dalilin sallama a ƙofarsa.

Ku kuma iyaye da malamai na yanzu, in ɗanku ya kawo hoton ajinsu, ku zauna da shi ya gaya muku sunan kowa. Ku tambaye shi wa ke nan bara da ba ya nan bana, da abin da ya sa. Wataƙila kuɗin riga ɗaya ne ya tsaya tsakanin wani yaro da karatu, kuma yana cikin ikonku.

Mu dai yanzu sunaye 36 ke bayan hotonmu, saura shida. A can gefe, daidai bayan kafaɗar nan, mun rubuta na 43 da cikakken sunansa, wanda iyayensa suka raɗa masa. Allah ya ba mu kwana mu cike sauran.