Stephanie Gilmore, Sarauniyar Igiyar Ruwa

A ranar 8 ga Satumba, 2022, mata biyar ne suka rage a gasar duniya ta hawan igiyar ruwa, kuma aka tara su a gaɓar tekun Lower Trestles da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Stephanie Gilmore 'yar Ostireliya ita ce kurar baya, ta biyar a jerin maki. Tsarin ranar kuwa ba ya tausayin na baya: ta biyar za ta kara da ta huɗu, wadda ta yi nasara ta haɗu da ta uku, haka har a kai ga ta ɗaya, wadda ke zaune tana hutawa tun safe. Gilmore ta doke Brisa Hennessy, ta doke Tatiana Weston-Webb, ta kayar da Johanne Defay ta Faransa, sannan ta lallasa Carissa Moore 'yar Hawai sau biyu a jere. Kafin rana ta faɗi ta ɗaga kofin duniya karo na takwas, abin da babu macen da ta taɓa yi a wannan wasa.

Wanda bai taɓa ganin teku ba zai so a yi masa bayani. Mai wasan kan kwanta rub da ciki a kan wani dogon allo mara nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya shige cikin ruwa sosai, sai ya zauna jira. Idan babbar igiyar ruwa ta taso, sai ya juya, ya zabura ya miƙe tsaye a kan allon, ruwan ya kwashe shi zuwa gaɓa yana lanƙwasa dama da hagu. Ana goga wa saman allon wani kaki na musamman don kada ƙafa ta zame, ana kuma ɗaure shi da igiya a idon sawu don kada ruwa ya tafi da shi. A gasa, kowane zagaye kan ɗauki kusan rabin awa. Alƙalai na ba kowane hawa maki har zuwa goma, amma biyu mafi kyau kaɗai ake haɗawa. Saboda haka sanin wace igiya za a hau, da wacce za a bari ta wuce, shi ne rabin gwanintar.

A nan Gilmore ta yi wa tsararrakinta fintinkau. An haife ta a 1988 a garin Murwillumbah na jihar New South Wales, ta tashi a bakin teku, kuma a wurin mahaifinta ta ga wasan. Ta goge a Snapper Rocks, wurin da igiyar ruwa ke tafiya mai nisa kafin ta mutu, amma cunkoson masu hawa kamar ranar kasuwa. Yarinyar da ta iya ƙwatar rabonta a tsakiyar ƙartan maza a can, ai ba a koya mata wayo. A 2005, tana da shekara 17, aka ba ta gurbin alfarma a wata babbar gasa a wannan wuri, ta kuwa cinye. A 2007, shekararta ta farko cikin manyan ƙwararru, ta zama zakarar duniya, ta kuma riƙe kambun har shekara huɗu a jere.

Masana wasan sun fi yabon salonta fiye da yawan kofunanta. Doguwa ce, ba ta gaggawa, ba ta kokawa da ruwan; sai ka ga kamar tsayawa kawai ta yi igiyar ke yi mata aiki. Fara'arta ta sa aka laƙaba mata suna Happy Gilmore.

A ƙarshen Disambar 2010 wannan fara'a ta gamu da jarrabawa. Wani mutum ya far mata da sandar ƙarfe a ƙofar gidanta, ya fasa mata kai, ya karya mata wuyan hannu. Hannu ya warke, amma tsoro ya daɗe bai sake ta ba, kuma a 2011 kambun ya suɓuce zuwa hannun Carissa Moore. Ta ƙwato shi a 2012, ta sake a 2014, rauni a ƙafa ya lalata mata kakar 2015, sannan a 2018 ta ci na bakwai, ta kamo 'yar ƙasarsu Layne Beachley.

A wannan shekara ta 2018 ce hukumar gasar, WSL, ta sanar da cewa daga 2019 za a riƙa ba mata da maza kuɗin kyauta daidai wa daida. Kafin nan teku ɗaya ake shiga, haɗari ɗaya ake fuskanta, amma ladan mata bai kai na maza ba. Gilmore na cikin waɗanda suka daɗe suna wannan kira.

Ba ko'ina ta yi sa'a ba. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, karon farko da aka saka wasan, Bianca Buitendag 'yar Afirka ta Kudu ce ta fitar da ita tun kafin a je ko'ina, kuma Moore ta tafi da zinare. Bayan shekara guda Gilmore da Moore suka haɗu a Lower Trestles. Da aka miƙa wa Gilmore makirfo tana jiƙe sharkaf, sai ta ce a ganinta Moore ce gwarzuwar wannan shekara, tunda ita ta fi kowa tara maki daga farkon kaka har ƙarshenta.