Jirgin Da Ya Ratsa Kano, A Tafin Hannu

Mutane da dama suna ɗaukar harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba wasan yara ne. Ni kuwa a wurina karatun tarihi ne da yatsu, kuma babu jirgin da ya tabbatar mini da haka kamar Hurricane na Ingila.

Kamfanoni irin su Airfix suna sayar da shi a kwali, gunduwa-gunduwa, bisa ma'aunin 1:72. Fiffiken da ya kai mita 12 a zahiri sai ya koma kimanin santimita 17. Aikin yana buƙatar reza, gam, fenti da haƙuri mai yawa. Kayan kam ba su cika samuwa a kasuwanninmu ba, sai an yi oda, kuma da tsada.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ainihin jirgin ma a akwati ya zo Afirka. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940, Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya. Sai aka koma sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Ɗalibanmu nawa ne suka san cewa yaƙin hamadar Masar da Libiya ya ratsa ta filin jirgin Kano?

Mai harhaɗawa ba zai tsallake wannan labari ba, domin dole ya zaɓi irin hancin da zai liƙa. Hurricane da aka tura hamada yana da wata ƙatuwar matatar iska a ƙarƙashin hanci, wadda ke hana rairayi shiga inji. Ta rage masa gudu, ta kuma ɓata masa siffa, amma duk wanda ya san ƙurar hunturu zai fahimci dalili. Haka kuma layukan da ke jikinsa daga bayan matuƙi zuwa wutsiya ba ado ba ne. Wurin yadi ne aka lulluɓa a kan ƙarfe da katako, shi ya sa sau da yawa harsashi kan huda ya wuce, makanikai su yi faci, jirgi ya sake tashi.