Abin da jami'a ke koyarwa bayan lacca

A Najeriya, jami'a ba ta ba ɗalibi digiri sai ta shaida cewa ya cancanta ta fuska biyu: ilimi da hali. Ilimi a aji ake samunsa, hali kuwa sai a zama da jama'a.

Ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. Yaron da bai taɓa barin gaban iyayensa ba zai tsinci kansa a ɗakin kwanan ɗalibai tare da Bayarabe da Ibo da Tibi. A nan zai koyi haƙuri da mutane, da tattalin kuɗin abinci har ƙarshen wata, da tashi karatu ba tare da an tashe shi ba.

Iyaye, ku riƙa lura da halin 'ya'yanku, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba.