Renton da Shinji: Yaron da Ya Raina Gida da Yaron da Ba Shi da Shi

A 1972 Go Nagai ya sa wani ɗan makaranta mai suna Koji Kabuto ya zauna a kan Mazinger Z yana tuƙa shi kamar mota, kuma tun daga nan masu katun na Japan suka gane abin da ke jan yara zuwa labarin ƙaton mutum-mutumin yaƙi. Kafin wannan, yaron da ke cikin Tetsujin 28 daga nesa yake juya nasa da na'ura a hannu. Da aka shigar da yaro cikin ƙarfen, sai ƙarfen ya zama hanyar tsira daga aji da aike da faɗan manya. Yoshiyuki Tomino ya ɗora wa abin nauyi a 1979 da Mobile Suit Gundam, inda Amuro Ray, ɗan shekara 15, ya ƙi fita yaƙi har kwamandansa Bright Noa ya mare shi, daga baya ma ya ɗauke Gundam ɗin ya gudu cikin hamada. Daga Amuro aka gaji yaro mai ƙunci, mai tashen balaga, wanda duniya ke bukatarsa alhali shi bai yarda da duniyar ba.

Cikin magadan Amuro biyu ne suka fi tsaya mini a rai, dukansu 'yan shekara 14, shekara goma tsakanin fitowarsu. Shinji Ikari na Neon Genesis Evangelion, wanda Hideaki Anno ya shirya a kamfanin Gainax, kashi 26, daga Oktoba 1995 zuwa Maris 1996. Sai Renton Thurston na Eureka Seven, aikin kamfanin Bones ƙarƙashin darakta Tomoki Kyoda, kashi 50, daga 2005 zuwa 2006. Ana yawan zuba su a kwando ɗaya, wai yara ne masu bijirewa. Ni a ganina bijirewarsu ta sha bamban tun daga tushe, kuma bambancin yana wajen abin da kowannensu ya baro a baya.

Renton yana da gida. Garin Bellforest ne, inda yake zaune da kakansa Axel, tsohon bakanike mai faɗa da tauri, wanda burinsa jikan ya gaji sifana da baƙin mai. Uban Renton, Adroc, gwarzo ne da ake koyar da labarinsa a makaranta, ya salwanta wajen ceton duniya, saboda haka duk inda yaron ya juya da uban ake auna shi. Yayarsa Diane ta tafi ba ta dawo ba. Abin da yake so a rayuwa shi ne hawan allo a kan wata igiyar iska da ke kaɗawa a duniyarsu, amma a garinsu iskar ba ta da ƙarfi. Yana da mujallar ray=out, wadda 'yan tawayen Gekkostate ke bugawa, yana kallon hoton shugabansu Holland yana haɗiyar yawu. Kashin farko kusan gaba ɗayansa ƙorafi ne: garin ya gundure shi, makaranta ta ishe shi, komai ba daɗi. Sai ga wani mutum-mutumin yaƙi mai suna Nirvash ya faɗo a kan ɗakinsa, yarinya mai suna Eureka ta fito daga ciki.

Abin da ya sa nake girmama Eureka Seven shi ne abin da ya yi da wannan buri bayan ya cika. Renton ya hau jirgin Gekko, ya shiga cikin gwanayensa, sai ya tarar hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jarumai na fama da rashin kuɗi, suna karɓar ƙananan kwangiloli don su ci abinci. Shi kuwa aka mayar da shi ɗan aike, mai shara da goge-goge, tamkar sabon yaron gareji da ba a ba shi ko sifana ya riƙe sai ya shekara yana wanke kayan aiki. Yaran nan uku da Eureka ke riƙo, Maurice da Maeter da Linck, suka sa shi gaba da tsokana. A kashi na 7 manyan suka tura shi wani aikin ƙarya cikin shiga ta ban dariya, suna ɗaukarsa a ɓoye suna sheƙa dariya. Holland da yake bauta wa a hoto ya fito a mutum mai zafin rai da kishi, wanda ke dukan yaro idan ransa ya ɓaci. Duk abin da Renton ya guda a Bellforest ya riga shi hawa jirgin, kuma a nan babu kaka mai son sa.

Daga nan labarin ya kawo masa lissafin da ya fi wannan tsada. Renton ya daɗe yana farfasa injinan sojoji a sama yana jin daɗi, bai taɓa tsayawa ya tuna mutane ne a ciki ba. A kashi na 20, cikin fushi, ya ragargaza wani, sai ya ga guntun hannu da zoben aure a yatsa. Ya yi amai. Ban san wani wuri a irin waɗannan finafinai da ya fi wannan gaya wa yaro mai neman kasada gaskiya ba, kuma abin mamaki shirin da ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi ake nuna shi a Japan, lokacin da yara ke gaban talabijin. Eureka ita ma tana ɗauke da nata: a wani kisan gilla da aka yi wa mabiya addinin Vodarac a Ciudades del Cielo, lokacin tana soja, ta tsinci yaran nan uku a cikin gawawwakin da ita da rundunarta suka kashe.

Shinji kuwa bai nemi komai ba. Takarda uban ya aiko masa, ya zo Tokyo-3, bayan shekara uku ba su ga juna ba. Uban, Gendo Ikari, ya yar da shi a hannun wani malami tun yana ƙarami, bayan uwarsa Yui ta ɓace a wani gwaji. Da ya iso, abin da uban ya nema shi ne ya shiga ƙaton mutum-mutumin yaƙi Eva mai lamba 01 ya yaƙi dodon da ke rusa birnin. Ya ce ba zai iya ba. Sai aka turo Rei Ayanami a kan gadon asibiti, jikinta duk bandeji, don ta tuƙa a madadinsa. Da haka aka karya shi. Duk raunin da aka yi wa Eva a jikinsa yake jin zafinsa, kuma daga baya mai kallo zai gane abin da yake tuƙawa halitta ce mai rai da aka sa wa sulke, ruhin uwarsa na ciki.

To wane zaman yau da kullum Shinji zai yi wa tawaye? Ba a taɓa ba shi ba. Ɗan abin da ya samu a gidan Misato Katsuragi, jami'ar da ta ɗauke shi riƙo, hannu biyu ya karɓa: shi ke girki, shi ke wanke-wanke, shi ke shirya abincin da za a tafi da shi makaranta. Aikin da ya zama wulaƙanci ga Renton shi ne kusan kaɗai wurin da Shinji ke samun natsuwa. Tawayensa ƙin yi ne. A kashi na 4 ya gudu, amma gudun nasa zama ne a jirgin ƙasa mai kewaya gari, abin sauraron kiɗa a kunne, har jirgin ya tashi daga aiki, don babu ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa. A kashi na 12 uban ya yaba masa da 'yan kalmomi ta waya, yaron ya gane saboda wannan yake shiga Eva. A kashi na 18 aka umarce shi ya hallaka Eva mai lamba 03, ya ƙi saboda akwai yaro a ciki, sai Gendo ya ƙwace tuƙin da wata na'ura, hannayen Shinji na kan sitiyari ana yayyaga abin a gabansa. Abokinsa Toji ne a ciki. Wannan karon ya ajiye aiki da gaske, kuma shi ne lokacin da na fi ganin mutuncinsa.

Shekarar da aka fara nuna Evangelion tana da hannu a yadda aka karɓe shi. A Janairun 1995 girgizar ƙasa ta Kobe ta kashe mutum sama da 6,000. A Maris ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Tattalin arzikin da ya bunƙasa a shekarun 1980 ya riga ya faɗi, alƙawarin nan na ka yi karatu kamfani ya riƙe ka har tsufa ya fara tsagewa. Matasa da yawa sun ga kansu a yaron da manya ke cewa ya ɗauki kaya ba tare da sun gaya masa dalili ba.

Akwai wani wuri da labaran biyu suka haɗu, kuma a nan ne nake auna su. Kowane yaro, a tsakiyar gudunsa, ya ci karo da namiji babba yana kula da shuka. Shinji ya tarar da wani jami'i mai suna Ryoji Kaji yana ba kankana ruwa alhali dodo na ragargaza hedikwatar NERV, hukumar da ke tura Eva yaƙi, a bayansu. Kaji bai tilasta masa ba, ya bar masa zaɓi, yaron ya ruga ya koma cikin Eva. Wurin yana da ƙarfi, amma gonar kankanar ba ta Shinji ba ce, minti kaɗan ya tsaya a bakinta. Renton shi an ba shi lokaci. Da farko Charles da Ray Beams, mata da miji marasa haihuwa, suka tsince shi, suka ba shi ɗaki da abinci mai zafi, suka nemi ya kira su baba da mama, kafin ya gano an ɗauke su haya ne su kai wa Gekko hari. A hannunsu ne ya yi ƙoƙarin ceton wata yarinya 'yar Vodarac marar lafiya da ƙarfin kansa, ta mutu. Bayan ya bar su ya faɗi a hanya, wani manomi, William Baxter, ya ɗauke shi. Mutumin yana zaune a gona shi kaɗai da matarsa Martha, wadda ciwo ya mayar ba ta magana ba ta motsi, yana ciyar da ita yana yi mata hira kullum. Kashi guda cur aka ba wannan zama. Yaron da ya ce babu abin da ke faruwa a garinsu ya zauna ya kalli mutumin da kwanakinsa duk iri ɗaya ne, ya ga irin ƙarfin halin da hakan ke ci. Da ya koma wajen Eureka a kashi na 26, ya koma ne da sanin abin da riƙon mutum yake nufi.

Shi ya sa, a kan wannan batu na yaro da zaman gida, na fi ba Eureka Seven gaskiya, duk da na san Evangelion ya fi shi zurfi wajen tona ciwon zuciya, ya kuma fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Eureka Seven yana da nasa rauni: tsakiyarsa na jan ƙafa, ƙarshensa ya jingina da soyayya fiye da yadda matsalar da ya ɗauko za ta iya ɗauka. Amma ya fahimci cewa raina gida gata ne. Renton ya iya yin tsaki a kan Bellforest saboda Axel na nan. Tsohon da ya yi ta faɗa shi ne ya miƙa masa na'urar Amita Drive da ubansa ya bari, ya bar shi ya tafi yana hawaye, kuma shi ne daga baya ya ƙera wa Nirvash sabon allo ya sa ransa a haɗari wajen aika shi. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Axel bai bar jikansa ba, kuma da wannan jarin yaron ya yi duk taurin kan da ya yi.

Evangelion ya san da wannan rashi, har ya nuna shi ƙarara. A kashi na ƙarshe, na 'yan mintuna, an nuna wata duniya inda Asuka, abokiyar tuƙinsa, ke tashin Shinji daga barci, uwarsa na kicin, ubansa na karanta jarida, Rei na gudu da burodi a baki don ta makara. Mutane da yawa suna ɗaukar wurin a matsayin barkwanci. Ni yana ba ni tausayi fiye da duk jinin da aka zubar a fim ɗin The End of Evangelion na 1997, domin abin da Renton ya tashi a ciki yana gunaguni shi ne Shinji sai a mafarki ya gan shi.

Anno da kansa ya dawo kan wannan giɓi. A fim na ƙarshe na sabon jerin Evangelion, wanda ya fito a Maris 2021, ya ware babban kaso na farkon fim ɗin ga wani ƙauye na waɗanda suka tsira. Toji ya girma ya zama likitan ƙauyen, ya auri 'yar ajinsu Hikari, suna da jaririya. Rei ta shiga cikin tsofaffin mata tana koyon dashen shinkafa. Shinji ya yi kwanaki bai ce uffan ba, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce ya shiga Eva. Abinci ake ajiye masa, sannan wani tsohon abokinsa, Kensuke, ya ba shi sandar kamun kifi. Sai bayan wannan ne ya iya tsayawa gaban ubansa ya yi masa magana. Abin da Eureka Seven ya ba Renton a gonar William Baxter cikin kashi na 25, Shinji sai da ya jira fiye da shekara 25 kafin mai labarinsa ya ba shi.