Inda nauyin jiki ya tsaya: yadda Laban ya rubuta rawa

Mai kallon rawa yakan ɗauka cewa hannu ne ke ishara, ƙafa kuma aikinta taku. Rudolf Laban, masanin rawa da aka haifa a Bratislava a 1879, bai yarda da wannan rabo ba. Tambayarsa ɗaya ce: ina nauyin jiki ya tsaya? Gaɓar da ke ɗauke da mai rawa ita ce madogara, ko da gwiwa ce ko tafin hannu. Wadda ta motsa ba nauyi a kanta kuwa, ishara ta yi, ko da ƙafa ce. In mutum ya tsaya kan ƙafar hagu ya wurga ta dama sama, bai yi taku ba sai ya dire ta ya mayar mata da nauyinsa.

A kan wannan ya gina tsarin rubuta rawa da ya fitar a 1928. Layuka uku ne a tsaye, ana karanta su daga ƙasa zuwa sama, na tsakiya ya raba jiki dama da hagu. Guraben da ke manne da shi na madogara ne, na gefe kuma na ishara. Siffar alama tana nuna inda aka dosa, tsawonta kuma lokacin da motsin ya ci. In ka ga baƙar alama a gurbin madogara, an lanƙwasa gwiwa ke nan. Mai ɗigo a tsakiya tsayuwa ce daidai. Mai zane-zane kuwa ɗage aka yi a kan yatsu. A ganina nan gwanintar take, domin alama guda ta amsa tambaya uku.

Amfanin abin ya fito fili a 1952, lokacin da Hanya Holm ta yi wa rawar da ta tsara ta wasan Kiss Me, Kate rajistar haƙƙin mallaka a Amurka da wannan rubutu.

Wani zai ce ai bidiyo ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Abin da ɗan rawa guda ya yi a rana guda take nunawa, har da kurensa, kuma daga gefen da mai kyamara ya tsaya. Rubutu kuwa ainihin tsarin yake adanawa. Raye-rayenmu irin su Koroso da ido ake koyon su, in gwani ya rasu wani taku yakan bi shi. Ya kamata sassan koyar da wasan kwaikwayo a jami'o'inmu su horar da ɗaliban da za su zauna da waɗannan gwanaye su rubuta takunsu tun suna raye.